ƳAN'UWANTAKA MAI SAKATA

 A karanta wannan takarda a taron reshe, mai karatu ya ɗaga murya domin na baya su ji.

Akwai wata magana da mu ke yawan ji a bakin waɗansu ƴan lakwal masu kwat, duk sa'ad da aka tayar da zancen ƙungiyoyin zumunci na Turawa da yadda suka hana baƙar fata shiga. Sai su ce ai ƙungiya ta abokai ce, kowa yana da ikon zaɓen wanda zai zauna da shi, in Bature ya rufe ƙofar zaurensa ai gidansa ne, ina ruwan wani? In an matsa musu kuwa su ce tsohon labari ne, an daɗe da buɗe ƙofa. Mun ƙi wannan magana, farkonta da ƙarshenta. Za mu kawo labarin daga ƙasar da abin ya fi muni, watau Amurka, da sunaye da shekaru, kowa ya auna da hankalinsa.

Da farko a san abin da a ke gardama a kansa. Uwar waɗannan ƙungiyoyi ita ce wadda Faransawa ke kira faranmaso, Ingilishi kuwa Firimason, ma'anar sunan magina masu ƴanci, ko da ya ke yawancinsu ba su taɓa riƙe cokalin gini ba. Kowane gari da reshensa, da ɗakin da su ke taruwa a asirce, shi ne loj, mu kuwa za mu ce zaure. Zaurukan jiha guda suna ƙarƙashin Babban Zaure. Bayan ƴan Mason sai waɗansu suka kwaikwaye su: Odd Fellows, da Jaruman Pythias, da Elks, da Moose, waɗannan biyu na ƙarshe sunayen manyan namun daji ne masu ƙaho, kamar a ce gwanki. A 1897 an ƙiyasta masu irin waɗannan ƙungiyoyi a Amurka sun haura mutum miliyan 5. Ƴan Mason kaɗai sun kai miliyan 4 a 1959, kuma shugabannin ƙasar 14 daga cikinsu suka fito, tun daga Joj Washinton har Gerald Ford.

To, mene ne a cikin zauren da mutum miliyan 5 za su yi ta biyan kuɗin wata? In ɗan zaure ya kwanta ciwo, asusu ya riƙe gidansa. In ya mutu a yi masa jana'iza, a duba matarsa da marayunsa, a zamanin da gwamnati ba ta biyan kowa kuɗin tsufa. In ya sauka baƙon gari ya miƙa hannu da irin musafaharsu ta asiri, a sama masa masauki da aiki. A ƙaramin gari, mai banki da alƙali da shugaban ƴan sanda da mai jarida da ɗan kwangila duka a zaure ɗaya su ke haɗuwa da dare, su kira juna ɗan'uwa, da safe kuma kowa ya koma bironsa yana sane da wanda zai ba bashi da wanda zai ba kwangilar hanya. Kowane falke ya san abin da mu ke faɗi. Wanda ba shi da fatoma a Kano ko Kumasi, kayansa a rana za su wuni, ba mai tsaya masa, ba mai ba shi lamuni. To, ku ɗauka an ce duk fatomomin gari sun yi rantsuwa ba za su sauki mai kalar fatarka ba, sa'an nan wani ya ce maka wannan sha'anin abota ne kurum!

Tun ranar farko da sakata aka gina zauren. A garin Boston akwai wani majemi baƙar fata, ɗa ba bawa ba, sunansa Prince Hall. Zaurukan Turawan garin ba su karɓe shi ba. Bisa ga tarihin da magadansa suka riƙe, ran 6 ga Maris 1775 shi da waɗansu baƙaƙe 14 suka shiga Mason ta hannun wani zaure na sojan Ingila da ke zaune a Boston, watau sojan da Amurkawa ke shirin yaƙa da sunan ƴanci. Ku lura da wannan abin kunya. Masu kirarin an halicci mutane duka daidai, a takardarsu ta 1776, su ne suka ƙi majemi, sojan sarkin da su ke kira azzalumi suka karɓe shi. Washinton kansa ɗan zaure ne, kuma bayi ke noma masa gandu har ya mutu. Da yaƙi ya ƙare Prince Hall ya rubuta Landan, aka ba shi takardar izni mai kwanan wata 29 ga Satumba 1784, da sunan Zauren Afirka, lamba 459. Takardar ba ta iso hannunsa ba sai 1787. Mutumin nan bai tsaya ga ado da rantsuwa ba: a 1777 yana cikin waɗanda suka kai wa majalisar Massachusetts kuka a hana bauta, a 1787 ya koma yana neman lakwal domin ƴaƴan baƙaƙe, tun da iyayensu na biyan lanho kamar kowa.

Takardar nan ta Landan sahihiya ce, daga gidan da Turawan Amurka su ma suka samo tasu. Yaya za a yi da ita? Sai malaman zaure suka zauna suka fito da dabara biyu. Ta farko, tsohon littafin dokokinsu na 1723 ya ce sai wanda aka haifa ɗa, ba bawa. Suka riƙe wannan kalma gam, suka ce baƙar fata ko ya ƴantu ai tsatson bayi ne. Ingila kanta ta gyara kalmar a 1847, ta ce ya isa mutum ya zama mai ƴanci a ranar da ya nemi shiga, amma na Amurka suka yi kunnen ƙashi. Ta biyu ta fi mugunta. Suka kafa doka cewa jiha guda Babban Zaure guda, duk wani zaure da ba ya ƙarƙashinsa na ɓoye ne, haramtacce, ba a gaisawa da ƴaƴansa, ba a shiga ɗakinsu. Kun ga tarkon? Ka zo ƙofata na kore ka. Ka je ka gina naka ɗaki da izni irin nawa, na ce ɗakinka shege ne domin ba a gidana ya ke ba. Da wannan igiya aka ɗaure magadan Prince Hall shekara fiye da 200.

Kada wani ya ce mana ba su san abin da su ke yi ba. Albert Pike, janar na sojan Kudu masu kare bauta, wanda ya zama babban malamin Mason na Kudu, ya rubuta a wata wasiƙa a 1875 cewa zauren Prince Hall halattacce ne kamar kowane, amma shi da Turawa ya yi rantsuwa, ranar da aka tilasta masa karɓar baƙar fata a matsayin ɗan'uwa zai bar ƙungiyar. Ga shi nan daga bakin mai ita, babu zancen littafi, babu zancen doka. A jihar New Jersey an sami zaure ɗaya tilo, Alpha lamba 116 a Newark, da aka kafa a 1871, wanda ya karɓi baƙaƙe ƙarƙashin Babban Zauren Turawa. Saboda wannan zaure guda Babban Zauren Mississippi ya yanke zumunci da New Jersey duka a 1909.

Ba mu ce babu mai kunya a cikinsu ba. A jihar Washinton, can arewa maso yamma, akwai wani alƙali William Upton, wanda ya bincika tarihi ya nuna wa ƴan'uwansa takardar Prince Hall ba ta da aibu. A 1898 Babban Zauren jihar ya yarda da haka. Nan da nan sauran jihohi suka yi masa ca, suka yi ta yanke hulɗa, kafin shekara ta zagayo, a 1899, aka janye maganar. Upton ya bar wasiyya kada a sa wa kabarinsa dutse sai ranar da fari da baƙi za su iya tsayawa a kansa a matsayin ƴan'uwa. Ya mutu a 1906. Kabarin ya zauna ba alama har 1991. Massachusetts ma, garin Prince Hall, ta gwada a 1947, aka yi mata irin wannan taron dangi, ta ja da baya a 1949.

Sauran ƙungiyoyin ba su wahalar da kansu da dabara ba, su a fili suka rubuta cikin dokokinsu: sai namiji farar fata. Baƙaƙen New York sun nemi iznin Odd Fellows aka hana su, sai wani ma'aikacin jirgin ruwa, Peter Ogden, wanda ya riga ya shiga ƙungiyar a Liverpool, ya ce musu don me za ku roƙi bara alhali ga uban gida? Ya haye teku ya karɓo musu izni daga Ingila a 1843. Na Elks ya fi daɗin ji. Arthur Riggs, wanda aka haifa cikin bauta a Kentucky, yana aikin hidima a jirgin ƙasa, ya sami kwafin littafin asirin Elks. Da aka bincika sai aka tarar Turawan ba su taɓa yi wa littafin rajista ba. Riggs ya je ya yi masa rajista da sunansa, shi da B. F. Howard suka kafa Elks ta baƙaƙe a Cincinnati a 1898. Dariyar ba ta daɗe ba, gama an yi masa barazanar kisa har sai da ya gudu ya ɓuya.

Ga kuma wanda zai ba ku mamaki, ku da ku ke fuskantar alƙibla. A 1872 waɗansu ƴan Mason na New York suka kafa wani reshe na shagali, Shriners, suka ɗora jar dara mai tunku a ka, suka manna mata jinjirin wata da takobi, suka sa wa ɗakinsu na farko suna Makka, wani a Chicago suka ce masa Madina, suna gaisawa da sallama irin ta Larabci. Ba Musulmi ba ne, wasa su ke yi da kayan mutane. Da baƙaƙe suka kafa tasu a 1893, sai waɗannan masu aron hula suka kai su ƙara a Texas, wai an sace musu suna da tufafi! Wanda ya ari rigar wani ya tsaya gaban alƙali yana rantsuwa gadon ubansa ce. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli ta Amurka, a 1929 baƙaƙe suka ci, kamar yadda Jaruman Pythias baƙaƙe na Jojiya suka ci tasu a 1912. Amma ku dubi hujjar da alƙalai suka kafa: cewa suka yi Turawa sun yi shekaru suna kallo ba su yi magana ba, lokacin ƙara ya wuce. Ba wanda ya ce korar baƙar fata laifi ce. Elks ta baƙaƙe ma ba ta sami wannan sa'a a New York ba, a 1912 kotun jihar ta hana su amfani da sunan.

In da abota ce kurum, me ya kai su kotu? Wanda ba ya son zama da kai ai sai ya ƙyale ka ka zauna da naka. Waɗannan sun kore ka, sun bi ka har gidanka da lauya da ɗan sanda, a waɗansu jihohin Kudu har da dokar majalisa da ta hana ka sa alamar ƙungiya a rigarka. Abin da su ke tsoro shi ne baƙar fata mai asusu, mai sakatare, mai littafin sunaye, wanda ya iya kiran taro a jihohi goma a rana ɗaya. Ba mamaki da William Simmons, wanda ya sake tayar da Ku Klux Klan a kan Dutsen Stone a Jojiya a 1915, sana'arsa tun farko ita ce yawon shigar da mutane irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma a kan tsarinsu ya gina tasa, da rantsuwa da muƙamai da kuɗin shiga, masu yi masa farautar mutane kuwa zauruka su kan fara nufa in sun sauka gari.

Tsoronsu kuwa yana da dalili, gama abin da korarrun suka gina ba kaɗan ba ne. A 1881 babban kamfanin inshora na Prudential ya rage abin da ya ke biyan iyalin baƙar fata da kashi ɗaya cikin uku, alhali kuɗin da ya ke karɓa daga hannunsu bai ragu ba. Baƙaƙe suka koma ga asusun zaurukansu, irin adashin da matanmu ke yi amma da littafi da hatimi. Daga kwabo-kwabon ƙungiyar Saint Luke, Maggie Lena Walker ta buɗe banki a Richmond a 1903, ita ce baƙar mace ta farko da ta yi haka a Amurka. Ƙungiyar Tabor ta gina asibiti a Mound Bayou cikin Mississippi a 1942, a jihar da baƙar fata in ya sami gado a asibitin Turawa to a ɗakin ƙasa ne ko a baya. Elks ta baƙaƙe ta riƙa shirya wa yara gasar jawabi. A 1944 wani yaro mai shekara 15 ya je irin wannan gasa a garin Dublin na Jojiya ya yi magana a kan baƙar fata da tsarin mulki, a hanyar komowa direban mota ya tashe shi da malamarsa daga kujera domin Turawa su zauna, suka yi tafiyar a tsaye har Atlanta. Sunan yaron Martin Luther King. Da ya girma, biron ƙungiyarsa a ginin ƴan Mason na Prince Hall ya ke, a titin Auburn. Biron Medgar Evers a Jackson shi ma a ginin Mason na baƙaƙe ya ke, a nan aka yi taron jana'izarsa da aka harbe shi a 1963.

Ku tsaya a 1954 ku ga hoto. Lauya Thurgood Marshall, ɗan zauren Prince Hall, wanda zaurukan baƙaƙe ke tara wa kuɗin shari'a, ya ci ƙarar da ta haramta raba lakwal tsakanin fari da baƙi. Shugaban alƙalan da ya karanta hukuncin, Earl Warren, ya taɓa zama shugaban Babban Zauren Kalifoniya. Su biyun rantsuwa iri ɗaya suka yi, alama iri ɗaya su ke ɗauke da ita, amma a dokar zauren Warren ta wannan rana, Marshall haramtacce ne, ba shi da ikon taka ƙofar. Lakwal ta gwamnati ta riga zauren ƴan'uwantaka buɗewa.

Dokar haƙƙin jama'a ta 1964 ta buɗe otal da gidan abinci da silima, amma ta bar ƙofa ɗaya: ƙungiyoyi masu zaman kansu. Nan masu sakata suka fake. A watan Disamba 1968 wani Bature ɗan Moose ya gayyaci abokansa cin abinci a zaurensu lamba 107 a Harrisburg, babban birnin Pennsylvania. Cikin baƙin akwai Leroy Irvis, depite ne baƙar fata, ɗaya daga cikin manyan majalisar jihar. Aka ƙi kawo masa abinci. Irvis bai ce a tilasta musu son sa ba. Hujjarsa ita ce, jiha ce ta ba zauren lasin sayar da giya, lasin nan kuwa ƙidayayye ne, ba kowa ke samu ba, don haka hukumar da ya ke biya wa lanho tana kiwon masu wulakanta shi. Mu ba giyar ce ta dame mu ba, hujjar mu ke dubawa, kuma hujja ce mai ƙarfi. A watan Yuni 1972 Kotun Ƙoli ta kayar da shi, alƙalai 6 a kan 3. Cikin ukun da suka tsaya masa akwai Thurgood Marshall, wanda ya zama alƙalin kotun tun 1967. Irvis ya zama shugaban majalisar jihar a 1977.

To, me ya buɗe ƙofa, tun da kotu ta ce suna da iko? Aljihu. A farkon wannan shekara ta 1972, wani baƙar fata da Elks ta Portland ta ƙi, ya kai ƙarar ministan kuɗi, wata kotun tarayya a birnin Washinton ta yanke cewa gwamnati ba ta da ikon yafe wa ƙungiyar zumunci haraji muddin tana korar mutane saboda launi. Ashe duk shekarun nan masu cewa gidanmu ne, ba ruwan hukuma, hukuma ce ke ɗauke musu haraji, watau baƙin manomi na Alabama yana cikin masu biyan kuɗin fitilar ɗakin da ba ya iya shiga. Jihar Maine kuma ta ce ba lasin giya ga mai wariya. Elks, waɗanda suka sha jefa ƙuri'a a tarukansu na shekara suna ƙin goge kalmar farar fata, sai ga su a 1973 sun goge ta. Moose ma a 1973. Odd Fellows sun riga su da shekara biyu, a 1971. Shekara ɗari ana yi musu wa'azi da littafinsu na Linjila ba su ji ba, da aka taɓa asusu cikin shekara guda suka gane baƙar fata ɗan Adam ne.

Ƴan Mason kuwa, da ya ke yawancinsu ba su rubuta kalmar a doka ba, ba su da abin gogewa, sai suka ci gaba da zamansu. Connecticut ce ta fara amincewa da zauren Prince Hall amincewar da ta ɗore, a 1989. Landan, wadda ta ba da takardar 1784 da hannunta, ba ta sake karɓar ƴaƴanta ba sai 1994. North Carolina sai 2008, Alabama sai 2017. Masu cewa tsohon labari ne su yi lissafi da yatsunsu: daga 1775 zuwa 2017 shekara 242 ke nan. A 2009 ma, Obama yana kan mulki, wani zaure a Atlanta ya karɓi baƙar fata guda, sai waɗansu shugabannin zauruka na Jojiya suka kai ƙararsa gaban kotun ƙungiya suna neman a rushe shi.

Kuma goge kalma a takarda bai cire sakata ba, gama sakatar ta gaskiya a cikin akwati ta ke. In mutum ya nemi shiga, a kan zagaya da akwati mai ƙananan ƙwallaye, farare da baƙaƙe, kowa ya sa hannu a ɓoye ya jefa ɗaya. A yawancin zaurukan Mason na Amurka baƙi ɗaya tak ya isa a kori mai nema, a Elks uku ne, har zuwa 1989 da suka sauya. Ba a tambayar wanda ya jefa, ba a tambayar dalili, haramun ne ma a bincika. Mutum hamsin su ce ba mu da wariya, su rantse, kuma wataƙila arba'in da tara gaskiya su ke faɗi, amma ƙofa tana nan a rufe, ba kuwa wanda za a kama.

Wani zai ce wannan halin Amurkawa ne, Faransa ba ta san launi ba. Mun san wannan waƙa, a lakwal aka koya mana ita. Zauren farko da Faransawa suka kafa a ƙasashenmu na yamma a Sanluwi ta Senegal ya ke, a 1781, na hafsoshi da ƴan kasuwarsu ne, a garin da a ke cinikin ƙaro da bayi. A tsibiran Antiy zaurukan masu gandun rake sun ƙi ko da wanda ubansa Bature ne in uwarsa baƙa ce. Gaskiya ne Victor Schoelcher, wanda ya tsaya aka hana bauta a 1848, ɗan zaure ne, ba mu hana shi ladansa ba. Amma Jules Ferry ma ɗan zaure ne tun 1875, shi ne ya miƙe a majalisar Pari ran 28 ga Yuli 1885 ya ce manyan jinsuna suna da haƙƙi a kan ƙanana. Bambancin shi ne, Ba'amurke ya sa sakata, Bafaranshe ya sa rariya. Ya kan bar ɗaya ɗaya su wuce, waɗanda ya tace. Blaise Diagne ya shiga zaure a tsibirin Reyuniyo a 1899, shekarar da Voulet da Chanoine suka ƙone Birnin Ƙonni. Ya zama depite baƙar fata na farko daga Afirka a 1914. A 1918 shi aka aiko ya ɗebi samari fiye da 60,000 daga Afirka ta Yamma zuwa yaƙin Turai, a 1930 kuma shi ya tsaya a Janeba yana kare aikin dole a gaban duniya, aikin da kakanninmu suka ci gaba da yi har 1946. An kira shi ɗan'uwa a Pari, mai ɗaukar dutsen hanyar kumandan bai ga ko ƙurar wannan zumunci ba. Bayan ƴancin kai rariyar ba ta ɓata ba: Omar Bongo ya riƙe Gabon daga 1967 har mutuwarsa a 2009 yana kuma shugaban Babban Zauren ƙasar, a shekarar nan ɗansa ya gaji kujerun biyu.

A nan sai mu ja kunnen waɗansu namu. Ba mu cikin masu cewa ƴan zaure aljanu gare su, ko su ke juya duniya daga ƙarƙashin ƙasa. Wannan tatsuniya ce, kuma mun san masu yaɗa ta: gwamnatin Vishi, abokiyar Hitila, ita ta haramta zauruka ran 13 ga Agusta 1940, kuma ba ta rage wa talakan Afirka bulala ko ɗaya ba. Gwamna Félix Éboué na Cadi, baƙar fata ɗan Guyan, wanda ya ƙi bin Vishi a wannan wata, ɗan zaure ne. Laifin da mu ke tuhuma ba ya bukatar aljani. Mutane ne masu dukiya da muƙami suka keɓe kansu suna raba arzikin gari, suka sa launi ya zama kuɗin shiga.

Saura guda, ita ce ta fi ɗaci, ba kuwa za mu ɓoye ta ba don masu laifin baƙaƙe ne. Ƴantattun bayin Amurka da suka komo Afirka suka kafa Laberiya sun zo da zaurensu, suka kafa Babban Zaure a Monrobiya a 1867. Mutanen da aka ce wa iyayensu ba a haife ku ƴaƴa ba, su ne suka juyo suka rufe ƙofa a fuskar ƴan ƙasa, Kpelle da Bassa da Kru da Mandingo, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Su ba su wuce wajen kashi 5 cikin 100 na jama'a ba, amma jam'iyyarsu ta True Whig ta riƙe mulki daga 1878 har 1980, manyan gwamnati kusan duka ƴan zaure ne, har mutane na cewa a can a ke yanke magana kafin ta iso majalisa. Ran 12 ga Afrilu 1980 wani saje ɗan ƙabilar Krahn, Samuel Doe, ya shiga fada da dare aka kashe shugaba Tolbert, bayan kwana goma aka ɗaure manya 13 a bakin teku aka harbe, aka haramta zauren. Abin da ya biyo baya ba ƴanci ba ne, mulkin soja ne da yaƙin basasa har 2003, babban ginin zauren da ke kan tudu ya zama kango, ƴan gudun hijira suna kwana a ciki.

Saboda haka muna umurtar kowane sakataren reshe, a taro mai zuwa bayan an tashi kasuwa, ya fito da littafin sunaye ya karanta shi da ƙarfi tun daga shafin farko. A ƙidaya mahauta nawa ne a ciki, maƙera nawa, wanzamai nawa, mata nawa, da mutum nawa daga gidajen da har yanzu a ke raɗa asalinsu in an zo neman aure. A duba kuma cikin masu riƙe da asusu da hatimi ko akwai ɗayansu. In an taɓa ƙin wani, a faɗi wanda ya ƙi shi da dalilinsa a gaban jama'a, a rubuta. A aiko mana da lissafin ta hannun mai kawo takarda kafin ƙarshen wata.